Yadda Ake Tsabtace Injin Mota Ba Tare da Haɗari Ba

Idan kana da mota, ko kana tuƙa ta wani, ko kuwa kai yaron mota ne mai koyon aiki, wannan bayani naka ne. Haka nan idan kana da babur na kabu-kabu, ko injin ban ruwa a garkar albasa, ko kuma ƙungiyarku ta mata tana da injin niƙa. Yawancin abin da za a faɗa a nan ya shafe ku duka, domin duk injin da ke shan mai halinsa ɗaya ne: yana yin zafi, yana tara ƙura, kuma yana iya kama wuta.

Ka dubi motar da ta taso daga Madawa da safe, ta bi ta Buza, ta hau tuddan Adar masu duwatsu, ta gangara Keita, tana ratsa ƙauyuka tana ɗaukar ƴan kasuwa. Idan ta tsaya da yamma aka ɗaga murfin inji, wanda wasu ke kira kapo, wasu kuma bonet, za a tarar jar ƙura ta lulluɓe komai. Inda mai ya ɗan tsattsafo, ƙurar ta manne ta zama baƙar laka. A lungu-lungu kuma ga ƙaiƙayi, ga ɓawon albasa, ga guntayen leda. A nan ne direba yakan ce wa yaronsa ya ɗauko fetur da ruwa ya wanke masa injin. Wannan umarni, idan aka bi shi yadda aka saba, yana iya jawo asarar mota, ko ta ido, ko ta rai.

Me ya sa ake tsabtace inji?

Dalili na farko shi ne zafi. Injin mota yana aiki daidai idan zafin ruwansa yana wajen digiri 90. Abin da ke hana shi wuce haka shi ne iskar da ke ratsa lagireto, wato tukunyar ruwan nan mai ƙananan ƙofofi kamar saƙar zuma, wadda ke gaban inji. A jihar Tawa zafin rana yakan haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, kuma a daidai lokacin ne motoci ke ta jigilar albasa daga kwarin Tarka. Idan ƙura da ƙaiƙayi suka toshe ƙofofin lagireto, motar da ke hawan dutse da lodi sai ruwanta ya tafasa. Injin da ruwansa ke yawan tafasa kansa yakan lanƙwashe, gyaransa kuwa yana cin kuɗi mai yawa.

Dalili na biyu, wanda a ganinmu ya fi muhimmanci, shi ne gane yoyo. Injin da laka ta rufe ba ya nuna inda yake zubar da mai. Ko bakanike gwani sai dai ya yi ta lalube. Amma idan injin yana da tsabta, ɗigo ɗaya ya isa ya nuna maka inda matsala take tun tana ƙarama. Ban da haka, duk lokacin da ka buɗe bakin zuba mai alhali ƙura tana kewaye da shi, yashi yana faɗawa ciki, ya dinga cin ƙarfen inji a hankali. Sannan busasshiyar ciyawa da tsumma mai maiƙo da suka maƙale kusa da bututun hayaƙi makamashi ne da ke jiran wuta.

A nan akwai abin lura ga mai sayen tsohuwar mota. Idan ka ga inji yana ƙyalli kamar sabo, kada hakan ya ruɗe ka. Mai yiwuwa an wanke shi ne jiya domin a ɓoye yoyo. Ka tuƙa motar na ɗan lokaci, ka tsaya, ka sake dubawa.

Wanki da ruwa ba aikin kowane mako ba ne. Sau biyu a shekara ya wadatar ga yawancin motoci: a ƙarshen hunturu kafin bazara ta kankama, da kuma bayan damina idan taɓo ya bushe a jikin inji. Abin da ya kamata a yawaita shi ne kakkaɓewa da goga a bushe.

Fetur ba sabulu ba ne

Al'ada ce a tashoshi da garaji da yawa a wanke inji da fetur, wato esansi, domin yana narkar da maiƙo nan take, kuma ga shi ana samunsa a kwalba a bakin hanya. Ka daure ka bar wannan al'ada, ko da maigidanka ya daɗe yana yi bai ga komai ba.

Ga dalili. Abin da ke kama wuta shi ne tururin da ke tashi daga fetur, wanda ido ba ya gani, hanci kawai ke jinsa. Fetur yana fitar da wannan tururi ko a ƙasashen da ake ƙanƙara, balle a zafin Adar. Tururin ya fi iska nauyi, saboda haka ba ya tashi sama ya watse da sauri. Yana kwanciya ƙasa, ya bi gangare kamar ruwa, ya taru a ƙarƙashin mota ko cikin ramin garaji. Idan ya iske garwashin mai shayi, ko guntun taba, ko tartsatsin mai walda a can gefe, wutar za ta biyo shi ta dawo har inda kake tsaye da kwano a hannu. Ko tartsatsi guda daga kan batir ya isa.

Ƴan Nijar ba su manta da abin da ya faru kusa da filin jirgin sama na Yamai a watan Mayu na 2019 ba, lokacin da tankar mai ta faɗi, mutane suka taru suna ɗibar fetur, wuta ta tashi, fiye da mutum 50 suka rasu a daren. Halin feturin da ke cikin tanka shi ne halin wanda ke cikin kwanon yaron mota.

Akwai kuma illar da ba a gani da wuri. A cikin fetur akwai wani sinadari mai suna benzin, wanda likitoci suka tabbatar yana iya haddasa cutar daji ta jini ga wanda ya daɗe yana shaƙarsa. Yana kuma shiga jiki ta fata. Don haka wanke hannu da fetur bayan aiki, da tsotso shi da baki ta tiyo, duk abubuwa ne da ya kamata a daina. Ga inji ma fetur yana da illa, domin yana lalata robar da ba a yi ta don shi ba, kamar tiyon ruwa da fambel.

To, me za a yi da maiƙon da ya daskare? Ka fara kankare shi da tsinken itace ko guntun roba mai tauri, ka tara shi a gwangwani. Abin da ya rage, ruwan ɗumi da sabulun wanke kwanoni za su cire shi idan ka yi haƙuri. Garin sabulu, wanda aka fi sani da omo, shi ma yana yi, sai dai a ɗauraye shi sosai, domin yana barin farin tabo a jikin alminiyam. A shagunan kayan mota ana sayar da ruwan cire maiƙo na musamman. Idan ka samu, ka bi abin da aka rubuta a jikin kwalbar, ko ka nemi wanda zai karanta maka. Kanikawa sukan yi amfani da gazuwal ko kananzir, waɗanda ba su kai fetur saurin kamawa ba. Idan ya zama dole, ka ɗan jiƙa tsumma kawai, a sarari, a kan inji mai sanyi, kuma kada ya taɓa roba ko waya. Soda ta haɗa sabulu kuwa kada ta kusanci inji ko kaɗan: tana cin alminiyam, tana ƙona fata, tana makantarwa.

Ka bari inji ya huce

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne da safe, ga motar da ta kwana ba ta yi tafiya ba. Idan ba haka ba, ka ɗaga murfi ka jira aƙalla awa ɗaya. Ka kusantar da bayan hannunka ga inji. Idan ba za ka iya ɗora shi ka bar shi ba, lokaci bai yi ba.

Ka san abin da ke faruwa da tukunyar ƙasa idan aka sauke ta daga wuta aka kwara mata ruwan randa. Ƙarfe ma yana iya tsagewa haka, musamman bututun hayaƙi da ke manne da inji, wanda zafinsa ke kai digiri ɗaruruwa. Kuma kada ka taɓa buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Ruwan ciki a matse yake, zafinsa yana iya wuce na tafasasshen ruwan shayi, da ka sassauta murfin sai ya feso maka a fuska da ƙirji.

Wasu suna cewa gara a wanke inji yana kunne, wai don ruwa ya bushe nan da nan. Wannan kuskure ne. Fanka da fambel suna juyawa da ƙarfin da zai iya tsinke yatsa, kuma ba su bambanta tsumma da hannun riga. A ƙasar da maza da yawa ke naɗa rawani, wannan gargaɗi ya fi ƙarfi: jelar rawani da fambel ya kama tana jan wuya. Ka tuɓe babbar riga, ka ajiye rawani ko ka ɗaure shi tam. Ke ma mai kula da injin niƙa, ki soke gefen mayafinki kafin ki kusanci bel. Ka kashe mota, ka zare makulli ka sa a aljihu, ka ja birkin hannu, ka sa waigi a taya. Ka kori yara daga wurin.

Batir

A kan batir akwai kai biyu. Ɗaya yana da alamar tarawa (+), ɗayan yana da alamar ɗebewa (–), waɗanda ka sani a darasin lissafi. Kafin ruwa ya taɓa inji, ka kwance wayar da ke kan alamar ɗebewa, ka kawar da ita gefe yadda ba za ta dawo ta taɓa kan batir ba. A motoci da yawa sifana mai lamba 10 ce ke kwance ta.

Me ya sa ita ake fara cirewa? Saboda wannan wayar a haɗe take da jikin mota gaba ɗaya. Idan ka fara da mai alamar tarawa, sifanarka ta goga jikin mota, wuta za ta bi ta cikinta, tartsatsi ya tashi, ƙarfen ya yi zafin ƙona hannu. Batir kuma yana fitar da wata iska mai fashewa, musamman bayan an yi masa caji. Saboda wannan dalili ne ake cewa ka cire zobe da agogon ƙarfe, kuma kada ka ajiye kayan aiki a kan batir. Idan an gama aiki, wayar alamar ɗebewa ita ce ta ƙarshe da ake mayarwa. Cire ta yana kuma hana fankar lantarki tashi da kanta, abin da takan yi a wasu motoci ko da an kashe su. Agogo da rediyon mota za su iya mance saitinsu, wannan ƙaramin abu ne.

Farin gari ko kore da ke taruwa a kan batir, ruwan batir ne ya haife shi, kuma yana ci. Kada ka hure shi da baki, kada ka taɓa shi sannan ka shafa ido. Ka dama cokali ɗaya na bikarbonat a kofin ruwa, ko ka jiƙa ƴar kanwa ka tace, ka goge da tsohon buroshin haƙori. Za ka ga yana kumfa. Ka ɗauraye da ruwa kaɗan, ka tsane, ka shafa ɗan giris bayan ka ɗaure wayar. Ka kula kada wannan haɗin ya shiga cikin batir ta ramukan zuba ruwa, domin zai kashe ƙarfinsa.

A fara a bushe

Rabin aikin ba ya bukatar ruwa, kuma wannan alheri ne ga ƙauyukan kan tudu na Buza da Keita, inda mata ke shan wahala kafin su cika jarka da rani. Ka tsince ciyawa da leda da hannu. Ka duba ko ɓera ya yi sheƙa, domin motar da ke kwana kusa da rumbu ɓeraye sukan shige ta su ci wayoyi. Kafin ka cusa hannu a lungu ka fara zungura da sanda, saboda kunama. Daga nan ka kakkaɓe ƙura da buroshin fenti ko ƙaramar tsintsiya mai laushi, daga sama zuwa ƙasa, ka rufe hancinka da ƙyalle. Idan akwai mai faci kusa, iskar injinsa tana taimakawa ƙwarai, amma ka kare idonka.

Ka buɗe gidan matatar iska ka fito da ita. Idan ta takarda ce, kada ruwa ko fetur su taɓa ta. Ka bubbuga ta a hankali a tafin hannu, ko a hura ta daga ciki zuwa waje. Ka ɗaga ta ga rana: idan haske ba ya ratsawa, ko ka ga huda komai ƙanƙantarta, ka sake sabuwa. Mota mai bin hanyar burji tana bukatar sabuwar matata da wuri fiye da motar birni. Ka goge cikin gidan da danshin tsumma, ka mayar da matatar, ka rufe da kyau kafin ka ci gaba.

Wuraren da ruwa ba ya zuwa

Ka tanadi ledoji masu kyau da igiyar roba. Ka ƙirga ledojin kafin ka fara, domin ka tabbata ka cire su duka daga baya. Ledar da aka manta a jikin inji tana narkewa, wani lokaci ta kama wuta.

Wuri mafi haɗari shi ne bakin da inji ke shaƙar iska. Inji yana matse iska ne a cikinsa, ruwa kuwa ba ya matsuwa. Idan ruwa ya shiga ta nan aka tada mota, ƙarfen da ke tura fistan yana iya lanƙwashewa ko ya karye, inji ya mutu. Wannan ne ke samun motar da ta faɗa korama da damina, don haka idan mota ta mutu a tsakiyar ruwa kada a yi ta murza makulli. Bayan bakin iska, ka rufe dinamo mai cajin batir, da akwatin fis, da batir kansa. A tsofaffin motoci irin Peugeot 504 ka rufe delko da kafireto, domin danshi kaɗan a cikin delko ya isa ya hana mota tashi. A sababbin motoci akwai kwamfutar inji, wadda ake kira ƙwaƙwalwar mota, da mahaɗan wayoyi masu yawa. Ita wannan ba a gyara ta a bakin hanya, kuma tana da tsada. Idan ba ka san inda take a motarka ba, ka tambayi bakanike ya nuna maka sau ɗaya. Ka kuma tabbata murfin zuba mai, da na man birki, da sandar auna mai duk sun zauna daram.

Yanzu sai wanki. Bokiti biyu sun isa, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraya. Ka sa safar hannu ta roba idan kana da ita. Ka shafa ruwan sabulu da buroshi a wuri kaɗan, ka bar shi minti 5, ka cuɗa, ka ɗauraye da buta, kana zuba ruwa daidai inda kake so kamar mai alwala. Kada ka kwara bokiti a kan inji. Kada ka bar sabulu ya bushe a jiki, shi ya sa inuwa ta fi. Kewayen buji, wato fulogi, da tsumma mai danshi kawai ake goge shi, domin ramukansu suna riƙe ruwa.

Lagireto ana wanke shi ne daga ɓangaren inji zuwa waje, yadda datti zai fita ta inda ya shigo. Siraran ƙarafunansa suna lanƙwashewa da sauƙi, don haka ba a tsokane su da ƙusa ko waya.

Idan wurin masu wankin mota ka kai, inda suke da injin fesa ruwa mai ƙarfi, ka tsaya a kan aikin da kanka. Irin wannan ruwa yana kutsawa cikin mahaɗan wayoyi da aka yi su don jure ruwan sama kawai, kuma matsalar takan bayyana ne bayan kwanaki, sa'ad da tsatsa ta kama. Ka ce a rage ƙarfi, a ja da baya kamar rabin mita, a kuma kauce wa duk abin da ka rufe.

Bayan ɗauraya ka tsane ruwan da ya kwanta da busasshen tsumma, ka cire ledoji, ka bar murfi a buɗe awa ɗaya ko fiye. Ka mayar da wayar batir, ka tada mota a sarari, ka bar ta tana aiki minti 15. Kada ka yi haka a cikin rufaffen shago ko zaure, domin a hayaƙin inji akwai guba marar wari da ke sumar da mutum har ta kashe shi. Idan mota ta ƙi tashi ko tana rawa, yawanci danshi ne a delko ko ramin buji. Ka kashe, ka busar, ka sake gwadawa.

Ina ruwan dattin zai tafi?

Wannan tambaya ta shafi maƙwabtanka fiye da motarka. A wurare da yawa na kwarin Tarka ruwa yana kusa, mita kaɗan a ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa noman rani ya bunƙasa a kewayen Madawa. A yankin Keita kuma, tun daga 1984, lokacin da aka fara babban aikin raya karkara da tallafin ƙasar Italiya da hukumar FAO, jama'a, galibinsu mata, sun yi shekaru suna ɗaukar duwatsu suna gina shingaye da madatsu domin ruwan sama ya tsaya ya nutse cikin ƙasa. Ƙasar da ke shan ruwan sama haka take shan baƙin mai. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa tsohon man da ake juyewa daga mota ɗaya, sau ɗaya, yana iya ɓata ruwan sha fiye da lita miliyan 3.

Saboda haka kada ka wanke inji a bakin rijiya, ko tabki, ko madatsa, ko cikin korama, ko da ta ƙafe. Ka nisanci rijiya da aƙalla mita 30, kamar yadda ake shawarta wajen haƙa salga. Ka shimfiɗa tsohuwar leda mai kauri a ƙarƙashin inji, ka zuba yashi a kanta ya tsotse maiƙo, daga baya ka kwashe yashin cikin tsohon gwangwani mai murfi. Tsohon mai kuma ka tara shi a jarka, ka kai wa garaji ko gidan mai da ke karɓa. Jarkar da ta taɓa ɗaukar mai ba ta komawa ta ruwan sha. Kada a shafa baƙin mai a gyambon jaki ko ƙazuwar raƙumi, balle jikin mutum, domin yana ɗauke da gubar ƙarafa da sinadaran da ke cutar da fata.

Mai injin ban ruwa ya fi kowa bukatar wannan kashedi, tun da injinsa a bakin rijiya yake zaune. Ka ɗauke shi ka kai shi nesa kafin ka yi masa juye ko goga. Shi da babur yawanci iska ce ke sanyaya su, ta hanyar siraran haƙarƙarin ƙarfe da ke jikin kan inji. Idan laka ta cike tsakaninsu, inji zai yi zafi fiye da ƙima. Ka goge su da buroshi inji yana sanyi, ka rufe famfon fetur, ka toshe bakin salansa da matatar iska idan za ka sa ruwa. Kada ka ƙara fetur inji yana aiki.

Idan tsautsayi ya auku

Idan wuta ta tashi a inji, ka kashe makulli, ka fitar da kowa, su yi nisa. Idan murfi a rufe yake kada ka wangale shi, domin iska tana ƙara wa wuta ƙarfi. Ka fesa abin kashe gobara ta ƴar kafar da ta buɗe. Idan babu, yashi ne makaminka. Ruwa ba ya kashe wutar fetur, sai dai ya ɗauke ta ya yaɗa. Idan ta fi ƙarfinka ka bar ta, ka kira ƴan kwana-kwana a lamba 18.

Wanda tufafinsa suka kama kada ya ruga da gudu. Ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. A zuba wa ƙunar ruwa mai tsabta, mai sanyi, har minti 20, a cire zobe kafin wurin ya kumbura, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a shafa man goge baki, ko ƙwai, ko tawada, ko baƙin mai. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko wadda ta shafi fuska, hannu ko al'aura, sai an je likita. Akwai asibitin gunduma a Madawa da Buza da Keita. Idan ruwan batir ya faɗa ido, a buɗe idon a yi ta zuba ruwa minti 20 ba tsayawa, sannan a tafi. Yaron da ya sha fetur ko kananzir kada a sa shi amai, domin man yana iya faɗawa huhu. A gaggauta kai shi, a tafi da kwalbar.

Washegari

Daren da ka wanke inji, ka shimfiɗa kwali mai tsabta a ƙarƙashinsa. Da safe ka jawo shi ka duba. Baƙin ɗigo mai kauri man inji ne. Ja yakan zama man giya a mota mai canja giya da kanta, ko man sitiyari. Kore ko ruwan hoda mai santsi ruwan sanyaya inji ne. Wannan yana da ɗan zaƙi, kuma guba ne ga yara da dabbobi, don haka a rufe shi da yashi a kwashe. Tsabtataccen ruwa marar wari daga mota mai na'urar sanyaya ɗaki ba matsala ba ne. Idan ka ga mai marar kauri, mai kalar man gyaɗa, kusa da taya ko ƙarƙashin tukunyar man birki, kada ka ɗauki fasinja sai an duba birki. Idan kuwa warin fetur ka ji, kada ma ka tada motar. Ka kira bakanike ya zo inda take.

Ka yi alama a kwalin inda gaban mota yake, ka rubuta kwanan wata a gefe. Ka tafi da shi garaji ka nuna wa bakanike, domin daga wurin da ɗigon ya sauka zai san inda zai fara dubawa.